Yaƙin Ƙarƙashin Ƙasa: Amfani da Bakteriya Wajen Maganin Tsutsar Saiwa a Lambunan Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi suna gabashin Jihar Kano, kan iyaka da Jihar Jigawa, kuma noma shi ne babbar sana'ar mutanensu. Da damina akan noma gero da dawa da gyaɗa da wake a jigawa. Idan ruwa ya ɗauke kuwa, sai 'yan lambu su koma fadama, su tayar da fangali, su dasa tumatir da tattasai da attaruhu da yalo, su shuka kuɓewa da kankana da alayyafo. Tun daga farkon shekarun 1990, lokacin da aka ƙaddamar da shirin Fadama na ƙasa da tallafin Bankin Duniya, injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka maye gurbin jigo a wurare da dama, har ya zama fili ɗaya yana ɗaukar shuka rani da damina ba hutu.

Wannan ci gaba ya zo da nasa nauyi. Akwai wata halitta da ke zaune cikin ƙasa wadda ba abin da take so kamar ta sami saiwa ɗanya duk tsawon shekara. Manoman tumatir na Kano ba za su manta da tsutsar da suka laƙaba wa suna Sharon ba, wadda ta cinye gonaki a 2016, domin ɓarnarta a fili take, kowa ya ga ganye ya ƙone. Ita kuwa tsutsar saiwa a ɓoye take aikinta, har manomi ya yi asarar kwanduna bai san abin da ya cuce shi ba. Wannan maƙala za ta bayyana ko mece ce wannan tsutsa, da yadda take rayuwa, sa'an nan da yadda masana kimiyya ke amfani da wasu bakteriya na cikin ƙasa domin su karya lagonta.

Mece ce tsutsar saiwa?

Tsutsar saiwa tana cikin babban dangin tsutsotsi da masana ke kira nematodi, dangin da ya haɗa da tsutsar cikin ɗan Adam da kurkunu. Wadda ake magana a kanta a nan sunanta na kimiyya Meloidogyne. Wani masani ɗan Ingila, M. J. Berkeley, shi ya fara ba da labarinta a 1855, bayan ya gan ta a saiwar kokwamba. A 1887 kuma Emil Goeldi ya same ta a saiwar gahawa a Birazil, ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau. A ƙasashe masu zafi irin namu, nau'o'i uku ne suka fi yawa: Meloidogyne incognita da Meloidogyne javanica da Meloidogyne arenaria.

Ɗiyar tsutsar, lokacin da ta fito daga ƙwai, tsawonta bai kai rabin milimita ba, ga ta siririya, ba launi, don haka ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. Tana bin laimar da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi har ta isa saiwa, domin tana jin ƙanshin sinadaran da saiwa ke fitarwa. A bakinta akwai wani tsinke mai kama da allura, da shi take huda saiwa kusa da tsininta ta shiga. Idan ta isa jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa da abinci sai ta kafe a wurin, ta tofa wani yawu wanda ke sa ƙananan ɗakunan halittar saiwa, waɗanda masana ke kira sel, su kumbura su zama mata rumbun abinci. Naman saiwar da ke kewaye shi ma sai ya kumbura, ya zama ƙullutu. Wannan ƙullutu shi ne shaidar cutar.

Macen takan yi ƙiba ta zama kamar ɗan ƙaramin gora, fara fat, ta zuba ƙwai wajen 500, wani lokaci har 1,000, cikin wani abu mai yauƙi da ke kare su daga bushewa. Manyan nau'o'in nan uku ba sa bukatar namiji kafin su hayayyafa. Idan zafin ƙasa ya kai kimanin digiri 27 a ma'aunin Salshiyos, daga ƙwai zuwa ƙwai mako 3 ne zuwa 4. Alal misali, a ɗauka cewa cikin ƙwai 500 guda 25 ne kaɗai suka rayu suka shiga saiwa. A zagaye na biyu za a sami 625, a na uku kuwa 15,625, duk daga uwa ɗaya. Tumatir yakan yi wata 4 a gona, wato lokaci ya isa a yi zagaye uku har da ƙari.

Tsutsar ta fi jin daɗin ƙasa mai rairayi, domin ramukan da ke tsakanin ƙwayoyinta suna da faɗi, ga iska. Ƙasa mai rairayi, da zafi, da ban ruwa a kai a kai, da maimaita tumatir a fili ɗaya: waɗannan abubuwa huɗu idan suka haɗu, tsutsar ta sami gida. Mai karatu da ya san lambunan gabashin Kano ya san haɗuwarsu ba wuya.

Alamomin cutar

Shukar da ta kamu takan tsumbure, ganyenta ya yi rawaya kamar mai neman taki, ta yi yaushi da tsakar rana ko da an ba ta ruwa da safe, sa'an nan ta farfaɗo da yamma. 'Ya'yanta kan zama ƙanana, ta kuma daina haihuwa da wuri. Cutar ba ta kama gona gaba ɗaya a lokaci guda. Takan fara ne tsibi-tsibi, wani ɓangare ya yi kyau, wani ya lalace. Manomi da yawa kan ƙara taki da ruwa, su kashe kuɗin mai da na buhu, amma a banza, domin hanyar da abincin zai bi ya hau sama ta toshe.

Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. A haƙo shukar da fartanya, kada a fizge ta, a wanke saiwar da ruwa. Idan aka ga ƙulle-ƙulle jere kamar carbi, ko saiwar ta kumbura ta murɗe, to tsutsar ce. Sai dai a nan akwai wurin lura. Wake da gyaɗa da waken suya suna da nasu ƙananan ƙullutai masu amfani, waɗanda bakteriya mai suna Rhizobium ke ginawa tana samar wa shuka sinadarin naitirojin daga iska. Waɗannan a gefen saiwa suke maƙale, da an murza su da yatsa sai su faɗi, kuma idan aka fasa mai aiki cikinsa ja-ja ne. Ƙullutun tsutsa kuwa jikin saiwar ne kansa ya kumbura, ba ya ciruwa sai an karya saiwa.

Daɗin daɗawa, Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Raunin da tsutsar ke yi wa saiwa yana sauƙaƙa wa cututtukan yaushi shiga, irin su naman gwari mai suna Fusarium da bakteriyar Ralstonia. Tun a 1892 wani masani, G. F. Atkinson, ya lura a jihar Alabama ta Amurka cewa cutar yaushin auduga ta fi tsanani a gonakin da ke da tsutsar saiwa. Game da girman asara kuwa, ƙiyasin da J. N. Sasser da D. W. Freckman suka buga a 1987 ya nuna cewa nematodi na lalata kimanin kashi 12 cikin 100 na manyan amfanin gona na duniya, kuma asarar ta fi yawa a ƙasashe masu tasowa, inda ta kusa kashi 15.

Me ya sa ba a dogara ga guba ba?

Shekaru da dama maganin da aka sani shi ne zuba guba a ƙasa. Amma tarihin waɗannan magunguna ba mai daɗi ba ne. A 1977 aka gano cewa maganin DBCP ya hana ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya haihuwa, abin da ya kai ga haramta shi. Iskar metil buromayid, wadda ake turara ƙasa da ita, an same ta da laifin lalata rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka tsara daina amfani da ita, ƙasashe masu arziki a 2005, masu tasowa a 2015. Kabofuran, wanda manoma suka fi sani da sunan Furadan, dafi ne mai ƙarfi ga mutum da tsuntsaye da kifi. Tarayyar Turai ta hana shi, Amurka ma ta hana amfani da shi kan kayan abinci a 2009. A fadama, inda ruwa ke kusa kuma ƙasa ke da rairayi, gubar da aka zuba a fangali ba ta da nisa da rijiyar da ake sha. Ga shi kuma latas da tumatir ɗanyu ake cinsu.

Akwai irin tumatir da aka ƙera domin ya jure tsutsar, ta hanyar wata ƙwayar gado mai suna Mi da aka samo daga tumatirin daji na ƙasar Peru a shekarun 1940. Iri ne mai amfani, sai dai ƙarfinsa na raguwa idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28, wanda da bazara abu ne na kullum a Kano. Haka kuma akwai wani nau'in tsutsar, Meloidogyne enterolobii, wanda bai damu da wannan kariya ba, an kuwa same shi a Afirka ta Yamma har da Nijeriya. Waɗannan dalilai suka sa masana suka waiwayi ƙasar kanta, bisa hikimar nan ta cewa da ɗan gari akan ci gari.

Bakteriya masu amfani

Jama'a da yawa sun ɗauka kowace bakteriya cuta ce. Gaskiyar magana ita ce kaɗan ne daga cikinsu ke kawo cuta. Bakteriya ce ke mayar da madara kindirmo, ita ce kuma ke ruɓar da ƙwayar ɗorawa ta zama daddawa, kuma babbar ma'aikaciya a wannan aiki na daddawa sunanta Bacillus subtilis. Ƙaramin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau na ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin bakteriya, sun fi taruwa kuma a jikin saiwa, inda suke cin sukari da sauran sinadaran da take fitarwa. Waɗanda ke yaƙar tsutsar saiwa ana iya kasa su gida uku.

Na farko ita ce Pasteuria penetrans, wadda za a iya kira ƙarfen ƙafar tsutsa. Gerald Thorne ya bayyana ta a 1940, amma sai a 1975 R. Mankau ya nuna cewa bakteriya ce, kana a 1985 R. M. Sayre da M. P. Starr suka ba ta sunan da take amsawa yanzu. Tana kwance cikin ƙasa a siffar ƙwayar iri mai sulke, ba ta motsi, tana jure zafi da fari na shekaru. Idan ɗiyar tsutsa ta zo wucewa sai ƙwayoyin su manne a fatarta kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. Idan suka yi mata yawa sai tafiya ta gagare ta, ta mutu ba ta isa saiwa ba. Idan kuwa kaɗan ne, za ta shiga saiwa ta fara ci, a nan ne ƙwayar za ta tsira, ta huda fata, ta yaɗu a cikin jiki. Tsutsar za ta girma, amma ba za ta yi ƙwai ba, domin cikinta ya cika da sababbin ƙwayoyin bakteriya da za su kai miliyan 2. Idan saiwar ta ruɓe sai su koma ƙasa su jira wasu. Ta haka ne wasu gonaki ke zama masu kashe tsutsa da kansu bayan shekaru.

Wahalar Pasteuria ita ce ba ta yarda ta girma a kwalba cikin sauƙi, sai a jikin tsutsa. A 1980 G. R. Stirling da M. F. Wachtel na Ostireliya suka fito da dabara: a manna ƙwayoyin a jikin 'ya'yan tsutsa, a sa su a tukwanen tumatir, bayan makonni a cire saiwoyin, a shanya, a niƙa. Garin saiwar shi ne maganin. Wannan dabara ba ta bukatar babbar masana'anta. Haka kuma kowane nau'in Pasteuria yana da irin tsutsar da ya fi kamawa, don haka wanda ya yi aiki a wata ƙasa ba lalle ne ya yi a wata ba. Binciken da masanan cibiyar ORSTOM ta Faransa suka yi a lambunan Senegal a shekarun 1990 ya nuna cewa irin ƙasa na da tasiri ƙwarai: a rairayi tsantsa ruwan ban ruwa na wanke ƙwayoyin su nutse ƙasa da inda saiwa take, a laka mai nauyi kuma sukan maƙale, yayin da rairayi mai ɗan laka ya fi dacewa. Wannan darasi ne da ya shafi manomin gabashin Kano kai tsaye.

Kashi na biyu su ne mazauna jikin saiwa, wato dangin Bacillus da Pseudomonas. Waɗannan sukan lulluɓe saiwa, su cinye sinadaran da tsutsa ke bi ta gano hanya. Wasu na fitar da sinadarai masu narkar da ɓawon ƙwai ko fatar tsutsa, wasu na fitar da dafin da ke shanye mata jiki. Wani nau'in Pseudomonas mai lamba CHA0, da aka samo daga gonar taba a Suwizalan, yana fitar da ɗan sinadarin sayanayid a jikin saiwa, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Karachi ta Pakistan sun nuna yana rage ƙulle-ƙulle a tumatir. Bugu da ƙari, zamansu a saiwa yana zaburar da garkuwar shukar, kusan kamar yadda allurar rigakafi ke yi wa yaro. Bacillus firmus, da aka samo daga ƙasar Isra'ila, an mayar da ita hajar kasuwa, ana shafa ta a jikin iri kafin shuka a Amurka da wasu ƙasashe.

Kashi na uku su ne dangin Streptomyces, waɗanda ke ba ƙasa ƙanshin nan da ake ji idan ruwan farko ya sauka. A shekarun 1970 Satoshi Omura ya samo wani nau'insu daga ƙasar Japan, William Campbell na kamfanin Merck ya gano cewa yana fitar da sinadari mai kashe tsutsa. Daga nan aka sami Mectizan, wanda ake rabawa kyauta tun 1987 domin cutar makantar kogi, har a Nijeriya, kuma masanan biyu sun sami kyautar Nobel a 2015. Daga wannan tushe ne aka sami abamektin da ake amfani da shi a gona. Sai dai a sani, abamektin sinadari ne da aka tace, yana da dafi, dole a kula da shi kamar kowane maganin feshi.

Iyakar ƙarfinsu

Bai kamata a yi wa manomi alkawarin da ba zai cika ba. Bakteriya abu ne mai rai. Abin da ya yi aiki a tukunya a ɗakin gwaji sau da yawa ƙarfinsa kan ragu a gona, inda zai yi gogayya da dubban wasu halittu. Ba sa warkar da saiwar da ta riga ta kumbura, aikinsu kare sabuwa ne da rage yawan tsutsa sannu a hankali. Pseudomonas ba ta da sulke, don haka zafin shago da hasken rana na kashe ta, yayin da Bacillus da Pasteuria suka fi juriya. Duk wanda zai sayi irin wannan magani ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya ajiye shi a inuwa, ya zuba shi da yamma a ƙasa mai laima.

Manoman Nijeriya ba baƙi ba ne ga irin wannan haja. Cibiyar IITA ta Ibadan tana sarrafa NoduMax, garin bakteriya da ake cuɗawa da irin waken suya domin ya ƙara yabanya. Ba maganin tsutsa ba ne, amma ya nuna cewa ana iya sarrafa bakteriya mai rai a cikin ƙasar nan a kai ta hannun manomi.

Abin da manomi zai iya yi tun yanzu

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Bakteriya sun fi aiki idan an haɗa su da wasu dabaru. Na farko shi ne gadon reno, domin dashe mai ɗauke da cuta shi ke kai tsutsa sabuwar gona. A yi reno a inda ba a taɓa noma kayan lambu ba, ko a jiƙa ƙasar a rufe ta da farar leda mako 4 zuwa 6 da bazara, rana ta dafa ta. A duba saiwar dashe kafin a saya. Idan an sami maganin bakteriya, a nan ya fi dacewa a sa shi, domin wurin ƙarami ne, kuma dashen zai tafi gona da masu gadinsa.

Na biyu, a ciyar da bakteriyar da ke ƙasar tun asali. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai, da kashin kaji, da tunkuzar 'ya'yan dalbejiya, suna ƙara yawan halittu masu amfani, wasunsu kuma na fitar da sinadarai masu cutar da tsutsa yayin ruɓewa. A zuba su mako 2 ko 3 kafin dashe. Taki yana kuma taimaka wa rairayi riƙe ruwa.

Na uku, a sauya shuka. Tumatir da tattasai da yalo da kuɓewa da kankana duk abincin tsutsa ne, don haka sauya ɗaya da ɗaya bai magance komai ba. A sa gero ko dawa ko riɗi ko albasa a tsakani, ko shinkafa inda ruwa ke kwanciya, domin dogon kwanciyar ruwa na kashe tsutsar. Na huɗu, da an gama ɗiba a tumɓuke saiwoyi a shanya a ƙone, a kuma juya ƙasa da bazara rana ta gasa ƙwan. A wanke fartanya da garma bayan aiki a fili mai cuta, kada kuma a bar ruwa ya bi ta cikinsa ya wuce wani. Mai son gwada sabon fili ya ɗebi ƙasarsa a tukunya, ya shuka kuɓewa, bayan mako 5 ko 6 ya duba saiwar.

Kammalawa

Garin Gaya ne hedkwatar shiyya ta uku ta KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, wato malaman gona suna kusa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana maƙwabtaka a Wudil, ga Cibiyar Binciken Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Aikin da ke gaban ɗaliban waɗannan wurare a bayyane yake: a ɗebo ƙasa da saiwoyi daga lambunan Gaya da Ajingi, a tantance nau'in tsutsar da ke ciki, a nemi filayen da aka daɗe ana noma tumatir amma cutar ba ta yi tsanani ba, a ware bakteriyar da ke wurin, a gwada ta a gonar manomi rani biyu ko uku a jere. Bakteriyar da ta tashi cikin zafin wannan ƙasa ta fi wadda aka shigo da ita damar rayuwa a cikinta. Kafin wannan aiki ya kammala, manomin da ya ga tumatirinsa na yaushi da tsakar rana ya fara da haƙo tushe ɗaya ya duba saiwar kafin ya sayi wani buhun taki.